Fitilar da Ta Mayar wa Baba da Kekensa

Shekarun baya, akwai wata damina da ta yi mana ɓarna a gidanmu na Ƙofar Kware. Ruwa ya kwana biyu yana sauka, a rana ta uku katangar baya ta kwanta, ta ja ɗakuna biyu suka bi ta. Allah ya sa babu kowa a cikinsu. Lokacin mahaifiyarmu ta riga ta rasu, mu kuma duk mun yi aure mun watse, mahaifina kaɗai ya rage a gidan. Babban yayanmu ya ce Baba ba zai ƙara kwana a wurin ba, ya ɗauke shi ya kai shi gidansa, can wata sabuwar unguwa a bayan gari. Abin da Baba ya tafi da shi bai wuce akwatin tufafinsa da jakar kayan aikinsa da kekensa ba.

Sana'ar Baba dukanci ce, amma ba da ita aka fi saninsa ba. Shi ne ladanin ƙaramin masallacin layinmu tun kafin a haife ni. Da muryarsa muka tashi, da ita mata suke sanin lokacin hura wuta, da ita masu azumi suke ajiye kofi. Saboda haka da ya koma gidan Yaya, ko a ransa bai kawo cewa ya bar aikin ba. Kullum kafin assalatu sai ya tashi ya yi alwala, ya ɗaure wata tsohuwar tocila a kan kekensa da tsinken roba, ya kama hanya. Tafiyar takan ɗauke shi kusan rabin awa, don tuƙin tsofaffi yake yi. Yakan wuni a unguwa, ya yi ɗinkinsa a zauren wani amininsa, sai bayan isha'i ya juyo.

Haka ya yi ta yi har watanni, sai wata asuba mutanen unguwa suka ji shiru. Da aka idar da salla wasu suka bi hanya, suka same shi zaune a gefen wani kwalbati, gira ta fashe, hannun hagu ya targaɗe, keken yana cikin kwata.

Ranar nan Yaya ya sayo sarƙa da kwaɗo, ya ɗaure keken a jikin ƙarfen tankin ruwa, ya sa mabuɗin cikin mabuɗan motarsa. Ya ce ga masallaci nan a bakin layi, Baba ya riƙa salla a nan. In kuwa sai Ƙofar Kware, shi zai riƙa kai shi a mota. Ya kai shi sau uku ko huɗu. Amma Yaya fataucin hatsi yake yi, rabin mako ba ya gari, in ma yana nan a gajiye yake kwana. Baba kuwa ba mutumin da zai tsaya ƙofar ɗakin ɗansa yana ƙwanƙwasawa ba ne. Maganar kaiwa a mota ta mutu da kanta.

Hannu ya warke, gira ta haɗe, amma mutumin bai dawo ba. Duk ranar da na je sai in tarar da shi a kan tabarma, jakar dukancin tana rataye ko buɗe ta bai yi ba. Matar Yaya ta ja ni gefe ta ce abincinsa kusan yadda ta kai haka take ɗaukowa, kuma kullum kafin asuba tana jin motsinsa, ya shirya tsaf har da hula, ya zauna a tsakar gida har a kira salla a bakin layi.

Sunan mahaifiyarsa na ci, don haka Uwata yake kirana. Wata la'asar ina zuba masa fura ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Uwata, ba keke anka ɗaure ba. Ni anka ɗaure." Can ya ƙara da cewa, "Liman ya aiko. Yac ce in ban iya dawowa kahin azumi, in hwaɗa musu su ba wani. Ba laihi nai ba na, unguwa ba ta zama ba ladan."

Saura mako biyar azumi a lokacin.

Na jira Yaya ya dawo daga tafiya, na same shi. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, amma na faɗi abin da ke cikina. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Ke kina ganin daɗi nika ji? Ni anka kira ran da yah hwaɗi. Ni nig ga jini ga gemu nai. In mota ta taka shi gobe, mi za ki ce wa mutane?"

Na ce, "Duhu ne ya kada shi, Yaya. Duhu kuwa yana da magani."

Ya yi wata 'yar dariya ta wanda yake ganin ƙanwarsa ba ta san abin da take faɗa ba. Ya ce, "To nemo maganin. In kin samo, shi hau sau ɗaya, ni kuma in bi shi da mota in gani da idona. In na ga abin da bai man ba, keken ga kyauta zan ba da shi, kuma kada ki sake tada man maganar."

Na ce na yarda.

Sai da na fito na tuna cewa ni malamar firamare ce wadda ba ta taɓa hawa keke ba ko sau ɗaya. Ban san sunan komai a jikinsa ba, ban da taya da ƙararrawa. Amma na riga na cika baki.

Washegari daga makaranta na wuce kasuwa, na tsaya wurin masu kayan lantarki, na ce a ba ni fitilar keke wadda ta fi kowace haske. Mai shagon ya ɗauko wata, ya haska min a tafin hannu da rana tsaka, har sai da na runtse ido. Ya ce launin haskenta biyar ne, tana walƙiya, tana ja da shuɗi, kuma tana da jiniya. Na ji a raina cewa magana ta ƙare. Na tafi da ita ina jin kaina kamar wadda ta ci jarrabawa.

Bayan magariba muka ɗaura ta a kan keken, yana nan a ɗaure a jikin tanki. Baba ya danna. Hasken ya daki farar katangar gidan ya dawo masa a fuska, ya sa hannu ya kare idonsa. Ya sake dannawa don ya kashe, sai ta fara walƙiya. Ya ƙara dannawa, ja da shuɗi suka kama zagaye tsakar gida. Ya danna na huɗu, jiniya ta tashi, kajin gidan suka watse, maƙwabta suka leƙo ta katanga.

Da na samu na kashe ta, Baba ya daɗe yana murza ido. Sannan ya ce a hankali, "Uwata, ladan nike ko motar rakiyar manya?"

Matar Yaya ta shige ɗaki da dariya. Ni kuwa na ce ai sabo ne, zai saba. Na bar masa ita. Bayan kwana uku na dawo na tarar ta mutu, don an yi kwana biyu ba a kawo wuta ba, ita kuma sai da caji. Allah ya taimake ni Yaya ba ya gari.

Na koma gida ina ta mita. Maigidana ya bari na gama ƙorafina, sannan ya tambaye ni, "Ke kin taɓa ganin hanyar a lokacin da Baba yake bin ta?"

Na ce na bi ta sau ba adadi.

Ya ce, "Da rana."

Kwana biyu bayan haka ya ɗauke ni a babur ɗinsa kafin assalatu, muka je bakin unguwar su Yaya. Na riga na karɓo tsohuwar tocilar Baba. Ya kashe babur ya riƙa tura shi a bayana, ni kuma ina gaba da tocila, ina tafiya a gefen kwalta inda mai keke zai bi.

Hanyar da na sani da rana ba ita na gani ba. Hasken tocilar bai fi faɗin faifai ba, duk abin da ke wajen da'irar nan babu shi. Gefen kwaltar ya gutsure a wurare da yawa, rairayi ya hau wasu. Akwai inda jakuna suke kwance, ba ka ganinsu sai ka kusa taka su. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne manyan motocin albasa da na hatsi masu sammakon shiga kasuwa. In sun taho daga gaba haskensu ya rufe maka ido, ka yi daƙiƙu ba ka ganin komai. In daga baya suke, iskarsu kaɗai ta isa ta tura ka. Wata ta wuce ni kusa ƙwarai, na yi tsalle gefe, ƙafata ta dama ta zurma cikin kwata har ƙwauri. Da maigidana ya haska, sai ga shi kwalbatin da Baba ya faɗa ne. Ya jawo ni yana ƙoƙarin ɓoye dariya, ya ce, "To, kin gaji mahaifinki." Takalmina ɗaya yana can har yau.

Da hantsi na wuce wurin Baba. A duk makonnin nan, daga ni har Yaya babu wanda ya zauna ya tambaye shi yadda aka yi ya faɗi. Kowa ya yanke cewa duhu ne. Na zauna a gefen tabarmarsa na ce ya gaya min gaskiya.

Ya dubi ƙofa ya tabbata babu mai ji. Ya ce, "Kwalbatin ga na san shi kamar tahin hannuna. Ba rashin gani nai yak kada ni ba. Babbar mota ta taho bayana, direba bai gan ni ba sai da yaz zo kaina, yad danna oda. Nik kauce, nih hwaɗa. In da ban kauce ba, da wani zance aka yi yanzu." Ya ce bai gaya wa Yaya ba don ya san in ya ji haka, keken ya tafi ke nan har abada. Ya kuma ce haske mai ƙarfi warwatse masa yake yi a ido kamar an watsa gari, shi ya sa fitilata ta fi duhun wahalar da shi.

Na dubi keken. Baƙi ne. Na tuna rigar da yake sawa da asuba, ruwan ƙasa ce mai duhu. Duk wahalar da nake yi ta ya ga hanya ce, ashe babbar matsalar a gan shi ce.

Abu na farko da na yi, na kai shi asibiti aka duba idon. Suka ce yanar ido ce ta fara, amma ba ta kai a yi aiki ba tukuna, suka ba shi tabarau. Na biyu kuma, wani abokin aikin maigidana ya kwatanta min shagon wani dattijo a Sabon Gari, ya ce in dai kayan keke ne, in je wurinsa.

Iyayen dattijon daga kudu suka zo, amma shi a Sakkwato aka haife shi, Sakkwatancinsa ya fi nawa nauyi. Na ajiye masa fitilata mai jiniya a kan teburi na ce ina son wadda ta fi ta. Bai ko taɓa ta ba. Ya turo min benci ya ce, "Hajiya, zamna. Wa ka hawan keken?"

Na ce mahaifina.

"Shekaru nai nawa? Gudu shika yi ko lallaɓawa? Wace hanya shika bi? Akwai wuta gidan kullum? Hannu nai na rawa?"

Ya yi min tambayoyi kamar likita. Na ba shi labarin duka, har da na motar albasa. Ya gyaɗa kai ya ce, "Mutane na zuwa nan su ce a ba su mai haske. Hitilar keke iri biyu ta, Hajiya. Akwai wadda kaka gani da ita, akwai wadda aka ganin ka da ita. Ta biyun ita ka hana a mutu, kuma ita mutane ba su saye."

Na tambaye shi irin ta da, wadda ake cewa dainamo, 'yar kwalbar ƙarfen nan da ke gogar taya ta ba da wuta, tunda ita ba ruwanta da caji. Ya ce tana da kyau ga mai ƙarfin gwiwa. Amma tsoho mai tafiya a hankali, haskenta zai riƙa lumshewa, in ya tsaya a mararraba kuma ta mutu gaba ɗaya, a daidai inda ya fi bukatarta. Ga shi tana ƙara wa feda nauyi.

Ya kwashi fitilu huɗu ya kira matarsa, wadda take taya shi tsaron shago, ta raka ni wani ɗakin ajiya a baya wanda ba shi da taga. Ya ce in ja ƙofa in gwada kowace, amma kada in haska bango, ƙasa zan haska, kamar taku biyar a gabana. A nan na ga bambancin da ba a gani a tafin hannu. Biyu daga ciki haskensu fari ne fat, siriri kamar sanda. Ɗaya tana da duhu a tsakiya. Ta huɗun ita ce mafi muni a ido, ƙatuwa, baƙa, ba ado. Amma da na kunna ta sai hasken ya shimfiɗu a ƙasa kamar tabarma, ya kama dama ya kama hagu, launinsa mai ɗan rawaya, bai tashi sama ba. Maɓallinta ɗaya ne, babba, a danna ta kama, a danna ta mutu. Batir take ci irin na rediyo, wanda ake samu a kowane teburin mai kayan masarufi.

Na fito na ce ita nake so. Ya ce, "Kin zaɓi rabin aiki."

Ya ɗauko danja, wato jar fitilar baya, ya nuna min yadda ake barin ta a kunne ba ƙyaftawa, don direba ya iya auna nisan da ke tsakaninsu. Ya ƙara da 'yan madubai masu ɗaukar ido na jikin feda, ya ce in ƙafa tana hawa tana sauka, duk direban da ya hango ya san mutum ne a kan keke. Ya yanko min irin tef ɗin nan mai ƙyalli da ake liƙa wa bayan manyan motoci. Daga ƙarshe ya miƙo wata rigar sama mai ruwan tsanwa, irin ta masu aikin hanya.

Na ce, "Wannan kam Baba ba zai sa ba."

Ya ce, "Na sani. Kai mai dai, shi ƙi da baki nai. Tsoho in ya ƙi guda, ya hi saurin karɓar saura."

Haka kuwa aka yi. Baba ya ɗaga rigar da yatsa biyu ya ce shi ba zai shiga masallaci kamar mai tara motoci a tasha ba. Amma sauran kayan ya jujjuya su ɗaya bayan ɗaya. Tef ɗin ne ya fi ɗaukar hankalinsa. Ya sa na haska shi daga nesa, ya ga yadda yake maido haske. Sai ya miƙe ya sauko da jakar dukancinsa, wadda ta yi watanni a rataye.

Kwana uku ya yi a kan aikin. Ya yanka jar fata ya yi jaka mai faɗi ta ratayawa a baya, ya farke rigar da ya ƙi, ya ciro layukan ƙyallin da ke jikinta ya ɗinke su a jikin jakar da maɗaurinta, ya yi musu ado irin na gafaka. Ya kuma yi wa fitilar gaban 'yar rumfa ta fata don kada haskenta ya taso masa a ido. Matar Yaya ta ce a kwanakin nan har ƙarin tuwo ya nema. Wani mai gyaran keke ya zo gida ya ɗaura komai, ya gyara birki, Baba yana tsaye a kansa yana cewa ya ƙara sunkuyar da fitilar.

Saura kwana tara azumi Yaya ya dawo. Ya zagaya keken sau biyu, ya ce, "Wannan ta hitilar? Ta wayata ta hi ta haske."

Na ce, "Gobe ka gani."

A gidan na kwana. Kafin assalatu Yaya ya buɗe kwaɗon da kansa. Baba ya sa tabarau, ya rataya jakarsa, ya yi bismilla, ya danna gaba ya danna baya, ya fita. Yaya ya tada mota zai manne masa. Na ce, "In ka bi shi kusa, fitilarka ce za ta haska masa hanya, ba ka gwada komai ba. Bari ya yi nisa." Ya harare ni, amma ya jira.

Da muka hau kwalta Baba ya yi nisa sosai, amma ga shi can. Jar danja tana tsaye cak a cikin duhu. Da hasken motarmu ya fara isa gare shi, jakar bayansa ta kama kamar an kunna ta, ƙafafunsa biyu suna hawa suna sauka da ɗigon haske. Yaya ya ce, kamar da kansa yake magana, "Tun daga nan?"

Sai na ji ƙarar babbar mota a bayanmu. Shaƙe take da buhunan albasa, ta wuce mu da gudu ta miƙa inda Baba yake. Kuma daidai wurin ne, kwalbatin yana gaba kaɗan. Na damƙe ƙofar mota. Duk addu'ar da na iya ta gudu daga kaina, ban da sunan Allah. A cikin daƙiƙun nan na ga gaskiyar Yaya tsirara: in wani abu ya faru, ni na kawo shi.

Tun da sauran nisa sosai muka ga jar wutar birkin motar ta kama. Ta rage gudu, ta kunna sigina, ta buɗe zuwa tsakiyar hanya ta bar masa fili mai faɗi. Direban ya ɗan taɓa oda sau ɗaya, irin ta gaisuwa, ya wuce. Baba ko karkacewa bai yi ba. Hasken gabansa ya kama bakin kwalbatin, ya kewaye shi a natse ya ci gaba.

Yaya ya sauke wani dogon numfashi. Muka ci gaba da bin Baba daga nesa har Ƙofar Kware.

Muka tsaya a bakin layinmu, Yaya ya kashe mota. Baba ya jingine keken a jikin masallaci, ya kashe gaba ya kashe baya, ya tuɓe takalmi ya shiga. Aka ɗan jima. Sai lasifika ta yi ƙara, muka ji gyaran muryar nan tasa da duk wanda ya tashi a unguwar ya sani, sannan ya ɗaga murya.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Muryar ta ɗan shaƙe a farko, daga baya ta buɗe. Ina zaune a mota na ga ƙofofi suna buɗewa tun bai kai ƙarshe ba. Wani dattijo ya fito da buta a hannu ya tsaya a tsakiyar layi yana saurare. Wata tsohuwa, ƙawar mahaifiyarmu, ta leƙo daga zaurenta ta gane motar, ta taho har inda nake ta kama hannuna ta ce, "Ɗiyata, shi na ko kunnena na?" Na ce shi ne, Inna. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Yau unguwa ta koma daidai." Ni dai hawaye nake yi, ba na ko sharewa.

Yaya ya shiga salla. Da aka fito mutane suka kewaye Baba, wasu kuma suka kewaye keken, ana danna maɓalli ana duba jaka. Na hango Yaya ya buɗe bayan mota ya ɗauko sarƙar, ya zare mabuɗin daga cikin mabuɗansa, ya russuna ya miƙa wa Baba da hannu biyu. Ina jin sa ya ce, "Baba, a riƙa ɗaure shi nan bakin masallaci. Yanzu ya yi kyau, kada wani shi yi sha'awa."

Baba ya karɓa ya ce, "Allah shi yi maka albarka." Iyakar abin da suka ce ke nan a kan maganar, har yau.

Shi ya tashi unguwa sahur a azumin nan, da na bayansa, da wasu bayansu. Ranar Juma'a yake canza batir, ko sun mutu ko ba su mutu ba. Bai sake faɗuwa ba. Kafin shekara ta zagayo ya ɗinka irin jakar nan ba adadi, masu kai madara da masu kai burodi da asuba suna zuwa har zaure suna nema. Daga baya aka yi masa aikin ido, aka kuma gyara gidanmu ya koma, yanzu taku kaɗan ne tsakaninsa da masallaci. Ya tsufa ƙwarai, wasu lokutan wani yake karɓar masa, amma asuba tasa ce.

In na tuna wannan abu, ba zaɓen fitilar ne yake fara zuwa min ba. Abin da yake zuwa min shi ne makonnin da muka yi muna yanke wa mutum hukunci a kan rayuwarsa, ɗaya ya ɗaure, ɗaya ta sayo jiniya, dukanmu da sunan ƙauna, ba tare da ko ɗayanmu ya zauna ya ce, Baba, me ya faru, me kake gani ba. Amsar tana bakinsa tun ranar farko. Mun fi shi ƙarfi, mun fi shi boko, sai muka ɗauka mun fi shi sanin hanyar da shi kaɗai yake bi. Duk wanda yake da tsoho a gida, kafin ka karɓe masa wani abu don tsoron kada ya cutu, ka fara tambayarsa.

Wani abin dariya kuma, yanzu in an taru a gida da salla, Yaya ne yake ba da labarin nan. A bakinsa, shi ne ya ce a nemo danja, shi ne ya san da dattijon Sabon Gari. Bara na kasa haƙuri, na buɗe baki zan gyara masa, sai Baba ya taɓa ni da sandarsa. Ya matso kusa da kunnena ya ce, "Bar shi, Uwata. Ke hitila kinka sawo. Shi tsoro nai yah haɗiye, kuma nashi ya hi naki wuya."

Na rufe bakina, na ƙara wa Yaya nama.